Neman partisiyon piyano da ba a samu a kasuwa

Nasiru: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah taimako nake nema. Akwai wata tsohuwa ƴar Habasha mai kaɗa piyano, Emahoy Tsege Maryam, na ci karo da kiɗanta a YouTube, musamman wanda ake kira The Homeless Wanderer. So nake in koye shi yadda ta rubuta shi da hannunta. Na yi ta bincike har megana ya ƙare, ba abin da nake samu sai bidiyon nan masu sanduna kala-kala da ke faɗowa kan madannai, sai kuma shafukan da ke cewa in sa lambar katin banki kafin su buɗe. Wa ya san inda ake samun partisiyonta na gaskiya, wato takardar rubutun kiɗan? Kuma ba ita kaɗai ba, duk kiɗan piyanon da baƙar fata ya rubuta ina so. Na gaji da Für Elise.

Ila Sitidiyo: Wa alaikumus salam. Kai Nasiru akwai ka da neman wahala. Sa kiɗin a kunne, rage mishi gudu, bi shi da yatsa. Tun da na buɗe sitidiyo ban taɓa ɗora takarda gaban piyano ba, kuma ba amaryar da ta taɓa maido mini waƙa.

Nasiru: Yaya Ila na gwada wallahi. Hannun dama ina kama shi. Na hagu ne ke ɓace mini, don tsohon ɗauka ne, ƙasan sautin duk a cakuɗe yake.

Sabi'u mai sibar: Abu ɗaya zan ce kafin manya su zo: kada ka sa lambar kati a shafin da ba ka sani ba. Da yawansu ba su da takardar ma. Sunan da ka rubuta a wurin bincike shi suke ɗauka su liƙa a kan shafi, ka ga kamar suna da ita.

Mushe Lawali: Nasiru ɗana, sannu da ƙoƙari. Tambayar farko da mai neman partisiyo zai yi wa kansa ita ce: wanda ya rubuta kiɗan nan yana raye, ko ya rasu, kuma in ya rasu, yaushe? Amsar nan ita ke nuna maka ƙofar da za ka buga.

In ya daɗe da rasuwa, aikinsa ya zama na kowa. Ƙasashe sun bambanta a kan tsawon lokacin, wasu shekara 50 bayan rasuwa, wasu 70, kamar ƙasashen Tarayyar Turai. Irin waɗannan ayyukan akwai rumbu guda da ya tara su, ana ce masa IMSLP. Wani matashi ɗalibin kiɗa, Edward Guo, ya kafa shi a 2006, kuma bisa dokar Kanada yake tafiya. A 2007 wani kamfanin buga partisiyo na Vienna ya yi masa barazanar shari'a har aka rufe shi, aka sake buɗewa a 2008. Tun daga nan suke taka tsantsan, kowace takarda za ka ga an nuna ko ta kuɓuta a Kanada, ko Amurka, ko Turai. Kyauta ne. In ba ka biya kuɗin zama mamba ba, sai dai su sa ka jira ƴan daƙiƙoƙi kafin takardar ta sauko.

To ita baiwar Allah da kake nema ba za ka same ta can ba. A 1923 aka haife ta a Addis Ababa, kuma sai a watan Maris na 2023 ta rasu a birnin Ƙudus tana da shekara 99. Jiya-jiya ke nan. Haƙƙin aikinta yana hannun masu shi.

Habsatu (Lyon): Ina kwana Baba Lawali. Bari in ƙara a kan naka. Labarin takardunta ma abin ji ne. Ta yi karatun kiɗa a Suwizalan tana yarinya, daga baya a Alƙahira, sannan ta bar duniya ta shiga gidan ibada na Kiristocin Habasha. Tun 1984 har ta rasu tana zaune a Ƙudus cikin ɗan ƙaramin ɗaki da piyanonta. Duniya ba ta san ta sosai ba sai 2006, da aka fitar da faifanta a jerin Éthiopiques, lamba 21. Amma rubutun kiɗan yana nan a ɗakinta, da hannu, takardu a tattare ba tsari. Wata mai kaɗa piyano, Maya Dunietz, ita ta zauna da ita suka tsara su, aka buga littafi a 2013. Yanzu akwai gidauniya a Amurka da danginta suka kafa da sunanta, Emahoy Tsege Mariam Music Foundation. Nasiru, su za ka rubuta wa. Ka faɗi gaskiya: kai ɗalibi ne a Maraɗi, ga kiɗan da kake so, ta yaya za ka saya.

Nasiru: Anti Habsatu na gode. Amma anya za su amsa wa wani yaro daga Nijar?

Habsatu (Lyon): Me za ka rasa? Saƙo ne kawai. Rubuta da Faransanci ka turo mini, in juya maka shi zuwa Turanci.

Ila Sitidiyo: To kun ji. Wasiƙa zuwa Amurka, jiran amsa, neman wanda zai biya da kati, duk a kan kiɗin da bai kai minti goma ba. Kafin amsa ta zo ni na haddace shi na manta.

Madam Rahila: Ila, ba na raina kunnenka, kowa a garin nan ya san kana da shi. Amma ka saurari matar nan tukuna. Ba ta bin bugu ɗaya kamar injin sitidiyo. Tana ja, tana saki, ta tsaya inda ba ka zata ba, ta yi ƴan kwalliya da yatsu da sauri kamar ba ta taɓa madannin ba. In ka bi da kunne kawai, za ka haɗa abin da ta rubuta da abin da ta ga damar yi a ranar da aka ɗauka, ba za ka iya rabewa ba. Takarda ita ke nuna maka ƙashin kiɗan. Sauran kuma naka ne.

Wani abu da zai taimake ka Nasiru kafin takarda ta iso: yawancin kiɗanta a kan sautuka biyar yake tafiya, irin na gargajiyar Habasha. Mu ma waƙoƙinmu da yawa haka suke. Ka ɗora yatsu a kan baƙaƙen madannai kaɗai ka bi su a jere, za ka ji abin da nake nufi, sautuka biyar ne suke maimaita kansu. In ka gano guda biyar ɗin da ta zaɓa a kiɗan da kake so, hannun hagu zai rage ɓace maka, don ka san inda ba zai taka ba.

Ila Sitidiyo: Ka ga wannan kuwa magana ce. Kuma ai kunne ne wannan ɗin, Madam, ba takarda ba.

Madam Rahila: Ban ce a toshe kunne ba.

Mushe Lawali: Ku bar ni in koma ga rabin tambayar yaron da ba a amsa ba. Ya ce duk abin da baƙar fata ya rubuta wa piyano yana so. Akwai wanda zai iya saukewa yau da dare ba tare da ya ci haƙƙin kowa ba: Samuel Coleridge-Taylor. A Landan aka haife shi a 1875, mahaifinsa likita ne ɗan Saliyo, mahaifiyarsa Baturiya. Ya rasu a 1912 yana da shekara 37 kacal. A 1905 ya fitar da littafi mai kiɗa 24 na piyano, Twenty-Four Negro Melodies, opus 59, wato lambar littafin a jerin ayyukansa. Wasu waƙoƙin bayin Amurka ne, wasu daga kudu maso gabashin Afirka, akwai na Afirka ta Yamma. Abin da ya fi burge ni da littafin, a saman kowane kiɗa ya fara rubuta asalin waƙar a ɗan layi, tsurarta, sannan ya nuna abin da ya gina a kanta. Ga mai son koyon yadda ake ɗaukar waƙar gida a shimfiɗa ta a kan piyano, wannan makaranta ce sukutum.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ba na ɗan koyo ba ne. Hannu yana buɗewa sosai, kuma akwai wuraren da diyez da bemol, alamomin ɗaga sauti da sauke shi, suka yi yawa a bakin layi. Ka fara da Deep River, a hankali yake tafiya.

Scott Joplin ma yana nan, ya rasu a 1917, Maple Leaf Rag nasa na 1899 ne. Amma shi kowa ya san shi, ba ya cikin abin da ake wahalar nema.

Nasiru: Baba na shiga IMSLP yanzu. Na rubuta sunan, ya fito mini da fayil fiye da ɗaya. Wanne zan ɗauka?

Sabi'u mai sibar: Wannan fannina ne. Duba girman fayil ɗin tukuna. Akwai waɗanda aka ɗauki hoton tsohon littafi da launinsa, takardar ta yi ruwan ƙasa. A salula yana da kyau, amma in aka zo bugawa duk shafin toka-toka yake fitowa, ya sha tawada, ƙananan alamomi su nutse. Nemi wanda yake baƙi da fari zalla, ya fi sauƙin nauyi kuma ya fi fita. Na biyu, tsofaffin partisiyo sun fi A4 girma. In ka kai wa mai bugawa ka ce ya daidaita shafin da takarda, in ba haka ba injin zai yanke gefe, sai ka je gida ka tarar kile ɗin sol da na fa, alamomin farkon layi, sun tafi. Na uku, kada ka buga littafin duka. Zaɓi shafukan kiɗan da za ka koya, a ɗinke maka da zoben roba don ya buɗu ya kwanta a kan piyano. Wanda aka maƙale da ƙusa a kusurwa, iskar fanka kaɗai ta ishe shi.

Ɗanjuma Katsina: Gaisuwa ga mutanen Maraɗi, ƴan'uwa na jini. Ina karantawa tun ɗazu. Abin da ke ba ni haushi a lamarin nan shi ne, kiɗan Bature da ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce ka same shi cikin minti ɗaya, amma na maƙwabcinka ɗan Afirka sai ka yi kamar za ka yi hauka. Ga Akin Euba, haifaffen Legas, 1935 zuwa 2020. Shi ya yi ta yayata ra'ayin a riƙa kaɗa piyano da tunanin Afirka, wato a ɗauke shi kamar ganga ko balafon, bugu da amsa-amo su zama su ne gaba. Digirinsa na dakta ma a kan dundun ya yi shi, gangar Yarabawa mai magana, ƴar'uwar kalangunmu. Yana da Scenes from Traditional Life na piyano. Ga Joshua Uzoigwe, ya rasu a 2005, yana da Talking Drums. Ga Kwabena Nketia na Gana, ya rasu a 2019 yana da shekara 97. Je ka nemi takardunsu ka gani. Wasu an buga su kaɗan a jami'a, sun ƙare, ba a sake ba. Wasu suna cikin kundin digirin ɗalibai a Nsukka ko Ife.

Habsatu (Lyon): Malam Ɗanjuma akwai mafita guda da na sani. Wani mai kaɗa piyano ɗan asalin Gana da ke Amurka, William Chapman Nyaho, wannan matsalar ce ta dame shi, sai ya tattara ayyukan ya kai wa Oxford University Press. Sunan tarin Piano Music of Africa and the African Diaspora, littafi biyar, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Nketia yana ciki, Uzoigwe yana ciki, da ƴan Masar, da Afirka ta Kudu, da Karibiyan, da baƙaƙen Amurka. Na sayarwa ne, ba kyauta ba. In za a haɗa kuɗi a sayi na ɗaya da na biyu, ni zan iya saye a nan in ba mai zuwa Yamai, daga can a sa a mota.

Ila Sitidiyo: Sayi ɗaya kawai Anti. Sabi'u ya yi mana fotokopi talatin, kowa ya samu. Magana ta ƙare.

Madam Rahila: Ila! Kai da bakinka? Wa ya cika mana kunne kwanaki da kukan masu tura waƙa a kasuwa sun saka sabon aikinsa a katin salula suna sayarwa ba su ba shi ko dala ba?

Ila Sitidiyo: Wannan daban. Ni talaka ne a Sabon Gari. Oxford fa? Me fotokopina zai rage musu?

Mushe Lawali: Ba Oxford kaɗai ke cikin littafin ba, Ila. Akwai mutanen da suka rubuta kiɗan, wasu suna raye, wasu sun bar iyali. Kuma kamfani yana duba ciniki ne. In littafin ƴan Afirka bai sayu ba, gobe in wani ya kawo irinsa sai a ce masa ba kasuwa. Haka ayyukan suke ɓacewa, abin da Ɗanjuma ke kuka da shi ke nan.

Shi Coleridge-Taylor da na ambata, aikinsa da ya fi shahara, Hiawatha's Wedding Feast, sayar da shi ya yi gaba ɗaya a kan gini 15, tsohon kuɗin Ingila, don yana bukatar kuɗi. Aka yi ta buga shi ana sayarwa dubbai, ana rera shi a manyan zaurukan Ingila, shi ko bai ƙara ganin komai ba. Da ya rasu iyalinsa suka shiga matsi. Abin ya tayar da hankalin mawaƙan Ingila, yana cikin dalilan da ake ambata na kafa ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa ta can a 1914. Mu ma nan Nijar muna da hukumar BNDA a kan wannan aikin, kuma kai kanka ka san ƙofarsu.

Ɗanjuma Katsina: Baba na yarda da kai rabi. Inda littafi yake kasuwa, a saya. Amma wanda ya ƙare shekara da shekaru, kamfanin ma babu shi, kwafi ɗaya ya rage a ɗakin karatu gara na ci? In wani malami ya ɗauki hotonsa ya ba ɗalibinsa, ni ban ga zunubi ba. Rashin yin hakan ne ma zai kashe aikin.

Mushe Lawali: A nan ba ni da ja sosai. Sai dai a fara neman mai shi ko magadansa. Sau da yawa murna suke yi wani ya tuna da aikin.

Sabi'u mai sibar: Ni dai a sani, littafin da aka haɗa kuɗi aka saya ba zan yi masa talatin ba. A ajiye shi wuri ɗaya, mai so ya zo ya karanta.

Ila Sitidiyo: Sabi'u ya tuba, jama'a a yi kabbara.

Habsatu (Lyon): Maganar gara da Malam Ɗanjuma ya yi ta tuna mini da Florence Price. Ita ce baƙar mace ta farko da babbar ƙungiyar kiɗa ta Amurka ta kaɗa simfoninta, a Chicago, 1933. Ta rasu a 1953, aka kusan mantawa da ita. A 2009 wasu mata da miji suka sayi wani kangon gida a kusa da ƙauyen St. Anne a jihar Illinois za su gyara, rufin ma ya ɓule. Sai ga tarin takardun kiɗa da sunanta a kai, ashe gidan da take zuwa hutu ne. Ayyuka da dama da aka ɗauka sun ɓata a nan aka same su, har da na piyano. Da masu gidan sun share sun ƙona fa? Kuma ba baƙaƙe kaɗai abin ke samu ba. A 2024 aka gano wani ɗan gajeren wals a ɗakin karatu na Morgan a New York, a kan ƴar takarda, masana suka danganta shi ga Chopin, mutumin da ya rasu tun 1849.

Nasiru, ga sauran wuraren da nake dubawa in IMSLP ya gaza. Gallica, na babban ɗakin karatun Faransa, kyauta ne kuma da Faransanci yake, akwai tsofaffin partisiyo da yawa da aka buga a Paris. WorldCat ba ya ba ka takarda, amma yana gaya maka ɗakin karatun da ke da ita a duniya, daga nan sai ka rubuta musu ka tambayi kuɗin ɗaukar hoto. RISM kuma na rubutun hannu ne da tsofaffin bugu. Kuma ka riƙa nema da lambar opus, don suna yana canzawa daga bugu zuwa bugu, lamba ba ta cika canzawa ba. Ka tuna Ingilishi da Jamusawa haruffa suke sa wa sautuka: do shi ne C, la shi ne A. Jamusawa kuma si suke kira H, B a wurinsu si bemol ne. In ba ka san wannan ba sai ka wuce abin da kake nema yana gabanka.

Madam Rahila: Wannan rikicin na sha shi da ƴan kwaya. Takardun waƙa da ke zo mana daga Najeriya da yawa ba a kan layuka biyar suke ba, haruffa ne, d r m f s l t, da ɗigo-ɗigo. A tsarin nan do yana tashi ya koma duk inda waƙar ta kafa gindinta. Mu kuma da muka yi solfej, karatun rubutun kiɗa, a lakol, do wuri ɗaya yake a kan piyano, ba ya motsi. Sai yaro ya ga d ya danna do, alhali a saman takardar an rubuta waƙar a sol take. Abin da nake yi yanzu, ina juya su zuwa layuka biyar da MuseScore a kwamfuta. Manhajar kyauta ce, in ka sauke ta ba ta bukatar intanet, kuma tana kaɗa maka abin da ka rubuta ka ji ko daidai ne.

Amma a yi hattara da shafinsu na intanet inda mutane ke ɗora nasu rubutun. Kowa ke sawa, gwani da ɗan koyo. Za ka iya samun kiɗan Emahoy a can wanda wani ya bi da kunne ya rubuta. Ka ɗauke shi a matsayin ra'ayin wani, ka riƙa gwada shi da faifan.

Nasiru: Akwai kuma manhajojin da ake ba su sauti su fitar da partisiyo da kansu. Na gwada ɗaya da kiɗanta, abin da ya fito ko Baba Lawali ba zai karanta ba.

Mushe Lawali: Ba zai fito ba. Injin yana neman bugu madaidaici ya yanka mezir, wato gaɓoɓin kiɗan, a kai. Ita kuwa numfashinta take bi. Duk inda ta ɗan ja, sai ya rubuta maka wasu ƙananan alamomi barkatai.

Ila Sitidiyo: To ni ga tambayata, kuma da gaske nake yanzu. Mun yi ta Habasha, mun yi ta Gana da Legas. Namu fa? Ina partisiyon Shata? Ina na Ɗan Maraya, ina na Ɗan Gurmu? Babu. Kuma waƙoƙinsu ba su mutu ba, yaro ƙarami a tasha zai rera maka. Ashe ke nan ba takarda ke raya kiɗi ba.

Ɗanjuma Katsina: Waɗanda aka ɗauka a faifai da kaset ne suka rayu, Ila. Kakannin Shata a waƙa fa, wa ya san muryarsu? Kaset ɗin ma ai wani irin rubutu ne.

Mushe Lawali: Tambayar Ila tana da nauyi, kada a yi mata amsar gaggawa. Rubutun layuka biyar an ƙera shi ne don kiɗan Turai, kuma piyano sautuka 12 gare shi a kowane zagaye, a kafe, ba ka iya matsa su. Mai goge ko kukuma yana zame yatsa ya tsaya tsakanin madanni biyu, wurin da piyano ba shi da komai. Mai kalangu yana matse tsirkiya a hammata, sautin ya hau ya sauka cikin bugu ɗaya, yana bin hawa da saukar maganar Hausa, shi ya sa kake jin abin da yake faɗa. In ka rubuta wannan a takarda ka kaɗa a piyano, abin da za ka samu kamar tuwo ne ba miya: siffar tana nan, ɗanɗanon ya tafi.

Amma akwai abin da ke rubutuwa sarai, shi ne bugun. Yadda ganga ɗaya ke tafiya bibbiyu wata na tafiya uku-uku a lokaci guda, yadda amshi ke shigowa kafin jagora ya rufe baki. Wannan shi su Euba da Nketia suka kama. Ba su ce piyano ya zama goge ba. Hannun hagu suka ba aikin ganga ɗaya, na dama aikin wata. Abin da nake so in gani kafin in mutu shi ne yaro daga Maraɗi ya yi wa kiɗan kalangu ko na gurmi irin wannan aikin, ya rubuta, ya sa sunansa, wani a Dakar ko Tokyo ya neme shi yadda Nasiru ke neman na Habasha. A Yamai akwai CFPM Taya da aka kafa don koyar da kiɗa da adana na gargajiya, amma ba dole sai daga Yamai komai zai fito ba.

Ila Sitidiyo: In haka ne a haɗa. Ni in kawo mai kalangu sitidiyo in ɗauke shi shi kaɗai, ba waƙa, ba inji. In raba muku bugun a kwamfuta. Madam ta rubuta. Amma ni ba zan koyi solfej da furfura ba, kada ma a fara.

Madam Rahila: Ba wanda ya ce ka koya. Ka ce masa dai ya yi bugu ɗaya ya yi ta maimaitawa a hankali kafin ya shiga kwalliya, in ba haka ba ba zan kama ba. Kuma a biya shi, a rubuta sunansa a kan takardar.

Nasiru: Jama'a na sauke Deep River, na dudduba a salula. Ga sabuwar matsala. Yamaha ɗina madanni 61 ne, kuma na ga hannun hagu yana sauka ƙasa da inda nawa ya ƙare. Ga alamar Ped. ko'ina a ƙarƙashin layi, ni kuwa ba ni da abin takawa.

Madam Rahila: Cikakken piyano 88 ne, don shi aka rubuta. Duba injinka, galibi akwai wurin sauke oktab, wato zagayen sautuka daga do zuwa do na gaba, sai dukan madannan su koma ƙasa da zagaye ɗaya. In kiɗan bai hau sama sosai ba ya wadatar. Inda ya bukaci sama da ƙasa a tare, ɗaga sautin ƙasan da oktab ɗaya, ka sa alama da fensir don ka san ba haka aka rubuta ba. Fedal kam dole ne, ban da shi kiɗan nan tsinke-tsinke zai fito. Leƙa bayan injin, in ka ga rami an rubuta Sustain, to saura ka sayi fedal ɗin. Masu kayan sauti suna kawowa daga Kano. Ka tafi da injin ko ka gwada a wurin, don wasu a juye suke aiki, ka taka sauti ya yanke, ka saki ya riƙe. Nagari yana da ɗan maɓalli a ƙasa na juya shi.

Sabi'u mai sibar: Turo mini lambobin shafukan ta WhatsApp in buga maka da safe kafin a ɗauke kuran.

Habsatu (Lyon): Maganar littattafan Nyaho fa? In da gaske ake, a samu mutum ɗaya ya riƙe kuɗin. Ni na ce Baba Lawali, kuma littafin ya zauna a gidansa.

Mushe Lawali: Kuɗi dai a ba Madam Rahila, ta fi ni lissafi. Littafi kuma a ajiye a sibar ɗin Sabi'u, ya fi tsakiyar gari kuma yana buɗe har dare. A sa rajista, mai ɗauka ya rubuta suna da rana, mako biyu ya maido.

Ila Sitidiyo: Jika biyu daga gare ni. Mai kalangun kuma ya ce Asabar bayan la'asar, in ba biki.